PMP, Google, PRINCE2 ko kwas ɗin Systems Thinking: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kwasa-kwasan jagorancin aiki na onlayin sun yi yawa yanzu har mutum ya rasa na kamawa, ka buɗe LinkedIn ka ga wannan ya liƙa PMP a bayan sunansa, wancan ya ɗora satifiket ɗin Google, wani kuma yana ta yabon na Cornell ko na MIT, kuma galibinsu da dala ake biya. Da yadda canji yake a yanzu ba ƙaramar asara ba ce mutum ya tara albashin wata da watanni ya zuba a kwas ɗin da ba shi ne ya dace da shi ba, kuma abin yana min ciwo idan na ga matashi ya yi haka, shi ya sa nake son mu bi su a tsanake.

Kafin komai ka sani cewa kaya iri biyu ne ake sayarwa a kasuwa ɗaya. Akwai takardar shaida wadda masu ɗaukar aiki suka sani, ita ce take sa a kira ka intabiyu, irin su PMP da CAPM da PRINCE2 da Project DPro. Akwai kuma karatun da yake gyara maka yadda kake kallon matsala, wanda anan ne kwasa-kwasan Systems Thinking suke, wato koyon kallon abu a dunƙule da yadda sassansa suke taɓa juna. Na farkon kuɗi ake biya saboda takardar, na biyun kuwa ilimin ne amfaninsa, takardarsa ba kasafai ake tambayarta ba. Ra'ayina a fili yake: ka kashe dalarka a kan jarrabawar da wurin da kake neman aiki ya rubuta sunanta a talla, shi kuma karatun tsari, wato Systems Thinking ɗin, ka fara da na kyauta domin na kyautan ma masu kyau ne sosai. Sauran bayanin duk hujjar wannan maganar ce.

Mu fara da na Google tunda shi ne ya fi yawo a hannun matasa. A shafin karatun onlayin na Coursera yake, an fito da shi a 2021 da kwas shida a jere, kuma su da kansu sun ce idan kana ba shi kamar awa 10 a sati za ka gama cikin wata shida. Ba a tambayarka digiri, ba a tambayarka ko ka taɓa riƙe wani aiki. Za a koya maka yadda ake rubuta takardar fara aiki, yadda ake tsara jadawali da kasafi, yadda ake lissafa haɗarin da zai iya tasowa, akwai kwas guda a kan Agile, wato salon yin aiki kashi-kashi ana gyara a hanya, a ƙarshe kuma a ba ka wani aikin gwaji na gidan abinci da yake son saka wa kwastomomi tablet su riƙa yin oda, kai za ka rubuta takardunsa tun daga farko har rufewa. Wannan aikin na ƙarshe shi ne ya fi komai daraja a kwas ɗin domin za ka fita da takardun da za ka iya nuna wa mutum ka ce ga abin da na iya. Wata-wata ake biya, don haka mai sauri ya fi biyan kaɗan, sannan Coursera na da tsarin tallafi wanda za ka cike fom ka bayyana halin da kake ciki ka jira kamar sati biyu, dan Allah ka gwada wannan kafin ka ciro katinka.

Amma fa ka gane matsayinsa. Babu wata jarrabawa mai tsauri da mai sa ido a kai, kowa ya dage zai gama, shi ya sa masu ɗaukar manyan manajoji ba sa ba shi nauyin da suke ba PMP. Na masu farawa ne, wanda ya gama hidimar ƙasa, ko malamin makaranta da yake son sauya layi, ko wadda take aikin ofis tana son ta fahimci abin da ake faɗa a mitin. Wata fa'idarsa kuma ita ce awannin da ka yi a cikinsa suna shiga lissafin awannin karatun da PMI, cibiyar da take ba da PMP, take nema kafin a zauna jarrabawarta, ka ga ba a yi asara ba.

To sai PMI ɗin kanta. Cibiya ce ta Amurka da aka kafa a 1969, kuma tun 1984 take ba da PMP. Wannan ba kwas ba ne da za ka kalli bidiyo ka karɓi takarda, jarrabawa ce, kuma ba kowa ake bari ya zauna ba. Mai digiri sai ya nuna ya yi wata 36 yana jagorantar ayyuka, wanda ya tsaya a sakandare kuma wata 60, sannan kowa sai ya kawo shaidar awa 35 na karatun gudanar da aiki. A tsarin da aka fara a 2021 tambayoyi 180 ne cikin minti 230, rabinsu a kan hanyoyin gudanar da aiki, kashi 42 a kan mu'amala da mutane, kashi 8 a kan yanayin kasuwanci, kuma PMI tana sabunta wannan rabon lokaci zuwa lokaci saboda haka ka duba na shekarar da za ka zauna. Tambayoyin ba na hadda ba ne, za a ce maka ga ma'aikata biyu suna rigima ga kwastoma ya canza ra'ayi ana saura sati a miƙa aiki, me za ka fara yi, amsoshi huɗun kuma duk su yi kama da daidai. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, ɗan ƙungiya yana samun ragi kuma yana sauke PMBOK, littafin jagora na PMI, kyauta, bayan ka ci kuma duk shekara uku sai ka tara maki 60 na ƙarin karatu ka sabunta. Wata magana da nake son a ji da kyau: kada wani ya zuga ka ka ƙirƙiri ayyukan da ba ka yi ba don ka cike watannin nan, PMI tana zaɓar wasu fom-fom ta bincika ta nemi wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa ya tabbatar, kuma ko ba a kama ka ba jarrabawar kanta tana wahalar da wanda bai taɓa riƙe mutane ba.

Idan shekarunka na aiki ba su kai ba akwai CAPM, ita ma ta PMI ce, shaidar sakandare da awa 23 na karatu kawai take nema, tambayoyi 150 cikin awa uku. Ta fi ta Google nauyi saboda jarrabawa ce ta gaske, amma idan saura maka shekara ɗaya ka cika sharaɗin PMP ni dai zan ce ka haƙura ka adana kuɗin.

PRINCE2 kuma daga Ingila ta fito, gwamnatin Birtaniya ce ta samar da ita a 1996, yanzu kamfanin PeopleCert ne yake riƙe da ita, bugu na 7 ya fito a 2023. Bambancinta da PMP shi ne ita hanya ce guda ɗaya tsararriya, tana gaya maka wa zai yanke wane hukunci, wace takarda za a rubuta a wane mataki, yaushe manaja zai ci gaba da kansa yaushe kuma dole ya koma wajen kwamitin da ke samansa. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne ƙa'idar da ta ce a kowane mataki a sake tambaya ko har yanzu akwai dalilin ci gaba da aikin nan, idan babu a tsayar da shi ko nawa aka riga aka kashe. Mataki biyu ne, Foundation wanda ba ya neman kowane sharaɗi, sai kuma Practitioner da ke samansa. Ta fi tasiri a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai da Ostareliya da wuraren da suke aiki da tsarin Birtaniya, PMP kuwa ta fi yaɗuwa a kamfanonin Amurka da ƙasashen Larabawa da harkar mai da gine-gine da sadarwa. Kada ka tsaya gardamar wacce ta fi, ka buɗe tallan aiki guda 20 na irin wurin da kake buri ka ƙirga wacce aka fi ambata, shikenan ka samu amsarka.

Akwai wadda mutanenmu da yawa ba su sani ba alhali ita ce ta fi kusa da aikin da suke yi, wato Project DPro, wadda a da ake kira PMD Pro. Ƙungiyar PM4NGOs ce take kula da ita kuma an tsara ta ne musamman don masu aikin agaji da raya ƙasa. Idan burinka aiki da ƙungiyoyin agaji ne a Maiduguri ko Damaturu ko Sakkwato ko Diffa, yaren da ake yi a ofisoshin nan shi ne a cikinta, bishiyar matsala (zanen tushen matsala da illolinta), logframe (jadawalin da ke haɗa manufar aiki da ayyukansa da ma'aunin nasara), yadda ake hulɗa da mai ba da tallafi da kuma al'ummar da ake yi wa aikin, yadda ake miƙa aiki idan kuɗin tallafi ya ƙare. Littafinta kyauta ake saukewa, har da na Faransanci da Larabci wanda zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Sudan sauƙi, kuɗin jarrabawarta kuma bai kama ƙafar na PMP ba. A shafukan intanet na Kaya da DisasterReady akwai darussa na kyauta da za su taimaka maka shiri. Masu harkar manhaja su kuma su duba PSM I ta Scrum.org, tambaya 80 cikin awa ɗaya, sai ka ci kashi 85, ba dole sai ka shiga aji ba kuma ba ta ƙarewa balle a ce ka sabunta.

Yanzu ga ɓangaren da nake son mu daɗe a kai. Duk waɗannan da na lissafo suna koya maka yadda za ka gama aiki a kan lokaci, a cikin kasafi, yadda aka tsara. Abin da ba su cika zurfafawa a kai ba shi ne, aikin da ka gama ɗin me zai haifar bayan shekara biyar, kuma a kan wa. Dubi madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992. A ma'aunin gudanar da aiki an gina su, sun tara ruwa, Kano ta samu ruwan sha, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura. Amma can ƙasa a fadamun Haɗeja da Nguru ambaliyar damina da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ruwan da ake saki a hankali duk shekara kuma ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa ta toshe su, sai ya zama wani wuri ruwa ya kwanta a gonaki wani wuri kuma ruwan ba ya isa, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka a cikin ciyawar suna cinye amfanin gona. Ba wanda ya zauna ya shirya wannan, kowane ɓangare ya yi nasa aikin ne ba tare da an kalli kogin gaba ɗaya ba. Wannan shi ne gurbin da karatun tsari yake cikewa.

Ɗaya daga cikin manyan tushensa a jami'ar MIT ta Amurka yake, Jay Forrester ya fara wannan reshen a shekarun 1950, Donella Meadows da Peter Senge suka sauƙaƙa shi ga jama'a, a Ingila kuma Peter Checkland na jami'ar Lancaster ya kawo nasa salon wanda ya fi mai da hankali ga matsalolin da mutane ba su ma yarda a kan mene ne matsalar ba. Abin da za ka koya ba shi da yawa a ƙirge amma yana da zurfi: abin da yake taruwa da abin da yake shiga yana fita, zagayen da yake ƙara wa kansa ƙarfi da wanda yake ja da baya ya daidaita, sai kuma jinkiri tsakanin abin da ka yi da lokacin da sakamakonsa zai bayyana. Misalin da duk mai riƙe da aiki ya sani, aiki ya makara sai ka sa mutane su riƙa kwana a ofis, sati na farko a ga ci gaba, daga nan gajiya ta shigo kurakurai su yawaita a koma gyaran abin da aka riga aka yi, aikin ya ƙara makara, kai kuma ka ƙara matsa musu. Fred Brooks ya faɗi makamancin haka tun 1975 game da manhaja, cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi, domin tsofaffin za su bar aikinsu su koma koyar da sababbi. Wanda ya iya zana wannan zagayen a takarda zai san inda zai taɓa, wanda bai iya ba zai yi ta ɗora laifi a kan ma'aikata. PMI ma ta gane haka, a bugu na 7 na PMBOK da ya fito a 2021 ta saka lura da yadda sassan tsari ke shafar juna cikin ƙa'idojinta 12, sai dai shafuka kaɗan ne, ba za su wadatar da kai ba.

A ina za ka koya? Masu tsadar su ne eCornell da MIT xPRO, wato sassan kwasa-kwasan onlayin na jami'o'in Cornell da MIT. Na Cornell an gina shi a kan hanyar Derek Cabrera da ake kira DSRP, wadda take koya maka ka bambance abubuwa, ka ga ɓangare da gaba ɗaya, ka ga alaƙa, sannan ka kalli abu ta idon mutane daban-daban, kowane kwas sati biyu ne a ƙaramin aji da malami mai duba aikinka, kuma suna da wani satifiket daban na jagorancin aiki wanda ya fi karkata ga riƙon mutane, yadda za ka sa wanda ba ƙarƙashinka yake ba ya ba ka haɗin kai, yadda ake kashe rigima a cikin tawaga. Kuɗinsu dubban daloli ne. Na MIT xPRO gajere ne, makonni kaɗan, ya fi dacewa da injiniyoyi da masu ƙera abubuwa masu sarƙaƙiya, shi ma ba arha ba. Karatun yana da kyau, ban musa ba, kuma samun mai gyara maka aiki da abokan karatu daga ƙasashe daban-daban ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka sani ba digirin jami'o'in nan ba ne, satifiket ne na ƙarin ƙwarewa, kuma da wuya ka ga tallan aikin da ya ce dole sai mai shi. Idan ma'aikatarka ce za ta biya, ka karɓa hannu bibbiyu. Idan daga aljihunka ne kuma ba ka da PMP ko makamanciyarta, gaskiya ban ga dalili ba.

Domin kuwa ga na kyauta nan birjik. Open University ta Birtaniya ta daɗe tana koyar da wannan fanni, kuma a OpenLearn tana da kwas mai suna Mastering systems thinking in practice, awa 24 ne a sati takwas, galibinsa karatu ne ba bidiyo ba don haka ba ya cin data. Acumen Academy tana da Systems Practice wanda aka fi jin daɗinsa idan kun haɗu ku uku ko huɗu kun ɗauki matsala ɗaya ta gaske, a ce yawan barin makaranta da 'yan mata ke yi a unguwarku ko rijiyoyin burtsatse da suke lalacewa ba mai gyarawa, ku zana taswirarta tare. Ma'aikatan lafiya akwai na jami'ar Johns Hopkins a Coursera a kan tunanin tsari a harkar lafiyar al'umma, sai dai ka duba ko har yanzu kyauta ne. Mai son lissafi da kwaikwayon tsari a kwamfuta ya nufi MIT OpenCourseWare, darussan ajin John Sterman suna nan, manhajar Vensim kuma tana da nau'in da ɗalibai ke amfani da shi kyauta. Matsalar na kyauta ɗaya ce, ba mai bin ka, kuma abin da mutum bai biya ba yana da saurin ajiyewa, maganinta shi ne ka nemi abokin karatu ku sa rana ɗaya a sati ku riƙa haɗuwa ko ta WhatsApp ne.

Sai maganar wuta da netwok wadda masu tallan kwas ba sa kawowa. Jarrabawar PMP da CAPM ana iya yinsu a gida ta hannun kamfanin jarrabawa na Pearson VUE da kyamara a kunne mai sa ido yana kallonka, ba a yarda wani ya shigo ɗakin ba, ba a yarda ka tashi ba sai lokacin hutu, idan intanet ya yanke kuma kana iya shiga rigimar da za ta ɗauke ka makonni. Ta PMP awa kusan huɗu ce fa. In ba ka da sola ko inbata mai ƙarfi da layi biyu, ka biya kuɗin mota ka je cibiyar jarrabawa, hankalinka zai fi kwanciya. Haka nan ka tabbatar katinka yana biyan dala kafin ranar ƙarshe, kuma ka yi hattara da masu cewa za su rubuta maka jarrabawa ko su sayar maka da tambayoyi, PMI tana soke satifiket idan ta gano kuma tana da rajistar da kowa zai iya duba sunanka a ciki.

Idan ƙanina ne da ya gama karatu bana ya tambaye ni zan ce ya nemi tallafin Coursera ya yi na Google, yana yi yana bin na OpenLearn a gefe, sannan ya nemi wani aiki na gaske ya riƙe ko na sa kai ne, gyaran ajin islamiyya ko shirya taron ƙungiya, ya riƙa rubuta ranar farawa da ranar gamawa da abin da ya jagoranta domin irin wannan rubutun ne zai buƙata ranar cike fom ɗin PMP. 'Yar'uwar da take aikin agaji ta fara da Project DPro ta haɗa da Systems Practice ita da abokan aikinta. Wanda ya shekara uku ko fiye yana riƙe da ayyuka a kamfani ko ma'aikata kuma kada ya ɓata lokaci da ƙananan satifiket, ya sayi kwas ɗin awa 35 mai sauƙin kuɗi, ya ware wata biyu zuwa uku yana gwajin tambayoyi, ya zauna PMP, ko PRINCE2 in ita wurin aikinsa suka fi sani. Na Cornell da MIT kuwa a rubuta wa oga takarda a nemi ofis ya saka su a kasafin horaswa na shekara mai zuwa.